Direban da Babu Sunansa a Littafin Gidanmu

A bakin kakata na fara jin sunan Muhai, ina da shekara goma sha tara. Muna kicin muna yin jar wainar shinkafa ta bikin sabuwar shekara, ita tana murza ƙullu, ni ina dannawa a cikin katakon da ke fitar da siffarta. Sai ɗaya ta fashe a hannuna, abin cikinta ya zubo.

"Ajiye ta gefe," in ji Ama, haka muke kiran kakar tawa. "Da Muhai na nan da tuni ya lanƙwame ta. Shi ne mai cin fasassu."

"Wane ne Muhai?"

Ta daɗe tana murza ƙullun da ya riga ya murzu. "Ƙanin kakanki ne. Danna a hankali, wannan hannun naki kamar na mai jan koma."

A lokacin dattawan zuri'armu ta Weng sun ba ni aikin sake kwafe littafin zuri'a, saboda na gama sakandare ina zaune a gida kuma rubutuna yana da kyau. A shafin Weng Jinfa, mahaifin kakana, akwai gurbin 'ya'ya maza huɗu. Na ukun an liƙe shi da 'yar takarda wadda tsufa ya mayar da ita ruwan shayi. Na ɗauka jariri ne da bai zauna ba.

Kwana biyu ina bin Ama kafin ta ba ni labarin. A shekarar 1970 gidan yana da ɗaki biyu, samari huɗu da kwale-kwale ɗaya. Babu iyayen da za su ba da 'yarsu inda ba a san wurin da za ta kwana ba. A cikin birnin Shantou kuwa akwai gidan Ke, 'ya'ya mata zalla, suna neman namijin da zai tare a gidansu, 'ya'yan da za a haifa su ɗauki sunan Ke. Muhai ya tafi. Uban bai je bikin ba. Ya zauna a gida ya dama sitaci, ya yanki takarda ya rufe sunan.

"Yaushe ya rasu?" na tambaya.

"Wa ya ce miki ya rasu? Yana nan a tsohon gari, a saman shagon masu sayar da igiya. Shekara ashirin da takwas yana tuƙa motar fasinja."

Bayan bikin sabuwar shekara na shiga jirgin fito na haye zuwa Shantou. Na same shi a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, gajeren tsoho mai faffaɗar kafaɗa. Hannunsa na hagu duk tabon rana ne, na daman kuwa fari sol. Ya tsaya a ƙofa ya matso da fuskarsa kusa da tawa, don idanunsa sun fara yin hazo.

"'Yar wa?"

"Jikar Mucheng ce, Kaka. Sunana Peishan."

"Ba sai kin faɗa ba, ga goshin nan. Duk 'yan gidan Weng goshinsu ke riga su shiga ɗaki."

Ya ɗora ruwa, ya jera finjali uku kamar yadda ake yi a kowane gida, ya zagaya su da butar shayi har suka cika daidai. Ya turo mini ɗaya.

"Shekara tara ni ke shanye ukun," in ji shi. "Yau na samu mai rage mini."

Tun daga ranar nake zuwa duk ranar Lahadi. Bai taɓa tambayata labarin garinmu ba. Hirarsa ta hanya ce, gabas zuwa Xiamen da Quanzhou, yamma zuwa Shanwei har Zhanjiang, kuma kowane gari da cikinsa yake auna shi. Mutanen Xiamen, a cewarsa, masu tsabta ne amma zaƙi ya lalata su, har gyaɗa sai sun dafa ta da sukari su ce miya ce. Na Shanwei suna zuba wa shayi gishiri da riɗi da soyayyar gyaɗa, su ba ka a kwano, in ka shanye su ƙara ba tare da sun tambaye ka ba, in ka ƙi su ji haushi. A Zhanjiang kuwa kaza ake tafasawa fara fat, ba komai a jikinta, amma wai ya taɓa cin rabin kaza a tsaye ya manta injin mota yana kunne.

Ya fi son ba da labarin tsibirin Gulangyu da ke gaban Xiamen. Babu mota ko ɗaya, tituna siriri masu hawa da sauka, tsofaffin gidajen bene da furanni ke leƙowa ta kan katangarsu, kiɗan fiyano na fitowa ta tagogi, ga wani ƙaton dutse da in ka hau kansa za ka ga birnin kamar an ɗora shi a faranti.

"Sau nawa ka hau dutsen, Kaka?"

"Ban taɓa taka tsibirin ba."

Na ɗauka wasa yake.

"Direba ba ya barin motarsa, 'yar nan. In na sauke mutane sai wanki, sai duba taya, sai ruwa da mai, in ci abinci a bakin tasha, in kishingiɗa awa biyu, in juyo. Fasinjoji ne ke ba ni labari a hanyar dawowa. Wanda ya zauna a bayana ba ya yin shiru."

A hankali na gane yadda zamansa yake. Matarsa Yulan ta rasu shekara tara da suka wuce. Ɗansu ɗaya, Ke Weidong, yana Shenzhen, yana bugo waya ranar biki. Ranar da gidan Ke ke kai wa kakanninsu abinci da turare ana kiransa, amma a baya yake tsayawa, wajen da surukai ke tsayawa. A littafinsu an rubuta Yulan da sunanta, kusa da ita kuma aka rubuta "mijinta, ɗan gidan Weng". Shi ke nan. A namu littafin kuwa takarda ce a kansa. Duk wannan da dariya ya faɗa mini, yana wanke finjali.

A wata na huɗu na ce mu je Xiamen. Ya ƙi jirgin ƙasa mai gudu, ya ce wanda ya shiga wannan bai yi tafiya ba, an dai jefa shi ne. Muka shiga mota, ya nemi kujerar bayan direba, ya kuma hana bawan Allah sakat.

"Ƙanena, ka sassauta, akwai kwana a gaba."

"Baba, an miƙe kwanar nan tun ina firamare."

"To ka sassauta don girmamawa. Ta ci tayoyina da yawa."

Washegari muka haye tsibirin cikin cunkoson mutane masu huluna iri ɗaya, suna bin masu ɗaga tuta. Furannin suna nan, gidajen suna nan, amma fiyano ba mu ji ba, sai lasifikar masu sayar da busasshen kifi da alewa. Mun kai rabin matakalar dutsen ya zauna, ya cire hula, ya daɗe yana kallon wajen da teku take. Ban san iya abin da yake gani ba.

"Fasinjojina sun fi garin iya tsara shi," in ji shi. "Tashi mu je tasha."

Tsohuwar tashar yake nufi. Akwai wata mata a bakinta mai sayar da taliya a miyar gyaɗa mai yaji, wadda ta shekara goma sha biyar tana ƙara masa awara biyu ba tare da ya roƙa ba, kuma bai taɓa sanin sunanta ba. Da muka isa, dogon gini muka tarar mai bangon gilashi. Ya zagaya shi sau biyu yana ƙirga taku daga wata tsohuwar bishiya, ya tsaya a gaban shagon sayar da waya ya ce nan ne. Muka ci taliyar a wani shago a bayan layi. Ga kujeru birjik, amma a tsaye ya ci, yana fuskantar titi.

A Quanzhou na kai shi ya ga dogayen hasumiyoyin dutse biyu da tsohon masallacin da rufinsa ya faɗi tun kafin kakanninmu. Ya shafa bangon da tafin hannu ya ce aikin kirki ne. Da safe muka zauna shan taliyar garin, siririya kamar zare, wadda ake dafawa har ta yi kaurin kunu, da jatan lande a ciki. A nan ne ya ajiye cokali.

"An ce ke ke riƙe da alƙalamin littafin."

"Kwafewa kawai nake yi, Kaka."

"Gurbin nan na uku, a sabon littafin, me za ki sa?"

"An ce in bar shi fari."

"Fari." Ya juya cokalin a cikin kwano. "Ba na neman fili, ba na neman kaso a komai. Harafi biyu ne a rubutunmu, Mu da Hai. Ba sai an ja layin 'ya'ya a ƙasa ba, tunda babu wanda zai biyo."

Da muka dawo na tafi wurin Baffa Lihe, shugaban dattawa, wanda ke duba kowane shafi kafin a ɗinke. Na same shi a ɗakin kakanni yana kankare kakin kyandir daga kan tebur. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba.

"Tare muka yi iyo da Muhai," in ji shi. "Ya taɓa ciro ni daga ƙarƙashin kwale-kwale. Kada ki ɗauka ban san shi ba."

"To Baffa, harafi biyu ne."

"Ubansa ne ya rufe, da hannunsa. Ni wane ne da zan buɗe abin da uba ya rufe? Kuma ya shiga gidan Ke, can ne za a kunna masa turare."

"Can ma babu sunansa."

"Wannan tsakaninsa da su ne."

Na ce ai bana an sauya abubuwa, tunda a karon farko an yarda a sa 'ya'ya mata, ni kaina na rubuta sunana da ƙananan haruffa a ƙarƙashin na babana. Ya ce an yi haka ne don mu ba mu bar gida da ƙafarmu mun kai wa wasu 'ya'ya ba tukuna. Na ce to ran da na yi aure fa? Ya ci gaba da kankare kakinsa. Can ya ce zai kai maganar gaban sauran dattawa, ya kuwa kai. Mutum bakwai ne, biyu suka yarda.

Ranar da na zo shafin Weng Jinfa na daɗe da alƙalami a hannu har tawadar ta bushe. Na san in na rubuta, Baffa Lihe zai cire shafin ya sa wani ya sake. Na rubuta na fari, na rubuta na biyu, na tsallake, na rubuta na huɗu.

Lahadi ta zo na haye. Ban san yadda zan fara ba, sai na tsaya a ƙofa da ledar dunƙulen naman sa da na sayo masa a hanya. Ya karɓa ya shinshina.

"Na shagon kusa da gada ne. Sun fara haɗawa da gari, amma ba laifi." Ya ajiye. "Sun ƙi ko?"

"Biyu sun yarda."

"Lihe na ciki?"

"Ban sani ba, Kaka. Ba a faɗa mini ba."

Ya gyaɗa kai. Bai zagi kowa ba, bai kuma sake tayar da maganar littafin ba har yau. Muka dafa naman da ɗan ganye muka ci, ya ba ni labarin wata shekara da guguwa ta tsare shi kwana uku a Shanwei da fasinja arba'in da agwagi goma sha biyu a saman mota. Na yi dariya inda ya kamata.

Yanzu shekararsa saba'in da huɗu. Idon dama ya tafi gaba ɗaya, ba ya sauka ƙasa sai da rakiya. Ni kuma na samu aiki a wani shagon littattafai a birni, don haka nakan leƙa shi har tsakiyar mako. Wata ranar Laraba ina share masa ƙarƙashin gado ya ce in bar tsintsiyar in zauna.

"Peishan, ran da na tafi, Weidong zai zo a gurguje, hutun kwana uku za su ba shi. Yaron kirki ne, amma bai taɓa taka garinmu ba, laifina ne ban kai shi ba. Mai sassaƙa allon da za a liƙa a bakin gurbin da za a ajiye tokar gawata zai tambaye shi me za a rubuta, shi kuma zai ce a sa yadda aka saba."

"Kaka, ka bar wannan maganar."

"Ki bari in gama, ke ma da katse mutum kamar kakarki. Ki je tare da shi. Ki tsaya a kan mai sassaƙar, kada ki bar shi da takarda ki tafi, suna da son gajarta aiki. Ki ce ya sa sunan garinmu a sama, sannan Weng Muhai, ɗan Weng Jinfa na uku. In ya ce allon ya yi kaɗan, a rage girman haruffan, ba komai. Ki karanta da idonki kafin a liƙa."