Ranar da Cittar Inna Ta Kwanta Kafin Lokacinta

Shekaru sun ɗan ja, amma ranar da cittar dajin gidanmu ta kwanta kafin lokacinta ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina. Yanzu ma da nake rubutun nan, sai da na ajiye biro na goge tafin hannuna.

A Kpébié muke zaune, cikin Parakou, ni da Innata. A tsakar gida akwai tsohon mangwaro mai duhun inuwa, wanda ko ciyawa ba ta yarda ta fito a gindinsa. Nan Inna ta shuka cittar daji. Ba irin ta kasuwa ba ce. Saiwarta ƙarama ce, ƙamshinta ya fi ƙarfi, kuma ba ta shiri da rana. Daga Djougou Inna ta kawo irin, ƙulle a bakin zane, shekarar da Kaka ta rasu. An ce iyayen Kaka, fataken goro, su suka fara dasa ta a wancan gida.

Inna tana da dokoki a kan cittar nan. Ba a share ganyen mangwaron da ya zubo a wurin, shi ne bargonta. Ba a ba ta ruwa da rani, sai ta ruɓe a ƙasa. Da ruwan fari ya sauka, fure ne ke fara leƙowa, mai launin shunayya, manne da ƙasa kamar wani ya ajiye shi, sannan ganye ya biyo ya rufe gindin bishiyar ruf, har gwiwa. Babbar dokar kuwa, ba a tonon saiwa sai ganye ya yi rawaya ya kwanta da kansa a ƙarshen damina. "In ta kwanta, ta ba ki izini ke nan," in ji Inna. Kuma ba ta wanke ta. Sai ta goge a zane ta tauna, maganin tari da ciwon ƙirji, don Kaka ta ce ruwa yana tafiya da ƙarfinta.

Mutum ɗaya ne bai ga amfanin wurin ba, wato Kawu, ƙanen Inna, mai noman auduga a wani ƙauye bayan gari. In ya shigo cin kasuwa a gidanmu yake sauka, kuma bai taɓa wuce mangwaron nan bai yi magana ba.

"Yaya, kin mai da gida daji. Wata rana kura za mu tarar a nan."

"Kurar ma ta fi ka kunya, ita ba ta cinye mini tuwo ta zage ni."

Haka suke, su yi ta dariya.

A wannan daminar aka yi suna a Djougou, muka tafi muka bar wa Kawu makulli. Mun yi 'yan kwanaki. A hanyar dawowa ruwa ya dake mu a tasha, Inna ta kamu da tari. Wajen azahar muka shigo gida, Kawu ba ya nan. Sai ga citta duk ta yi rawaya ta kwanta, alhali damina da sauranta. Inna ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Bana ta san ina bukatarta." Na ce ina jin wani wari kamar na kananzir. Ta ce ai makanikan bayan gida ne. Ta durƙusa ta tona da hannu, ta goge a zane, ta tauna. Ta tsinki ganye kuma ta jefa a tukunya, ta tafasa ta sha.

Ina cikin ɗaki ina kwance kaya na ji kwano ya faɗi. Ko la'asar ba a kira ba. Na fito na same ta a ƙasa, gumi ya jiƙa mata riga sharkaf, yawu yana zuba daga bakinta, naman fuskarta yana rawa. Na ɗago kanta, na ga ƙwayar idonta ta ƙanƙance kamar tsinin allura. Ina kiran "Inna! Inna!" tana kallona, ba ta ganina. Wallahi har yau wannan kallon yana bina.

Maƙwabciyarmu ce ta tare mai zem, wato ɗan acaɓa. Aka sa Inna a tsakiya, na rungume ta ta baya, ƙafafunta suna jan ƙasa. A asibiti likita ya duba idonta ya juyo gare ni.

"Qu'est-ce qu'elle a pris? Me ta ci?"

"Citta kawai, likita."

"Citta ba ta yin haka. Wannan guba ce, 'yata. Ki tuna da kyau, in san da me nake faɗa."

Me zan tuna? Abin da ta saba ci duk shekara ta ci. Na fita waje na kira Kawu, don dai in sanar da shi. Ina jin hayaniyar kasuwar Arzèkè a bayansa. Da na ambaci citta, sai ya katse ni.

"Ta tona?"

"Ta tona, Kawu. Ta ci, ta sha ruwan ganyen."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Bai daɗe ba ya iso, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, riƙe da kwalabe biyu. Ashe bayan tafiyarmu ya ga saɓar maciji a jikin katanga. Sai ya haɗa maganin ciyawa da na ƙwarin auduga, yadda suke yi a gona, ya feshe wurin. Da safen ranar ma ya ƙara, don ya gama kafin mu dawo mu hana shi. A ganinsa alheri ya yi wa yayarsa. Likita ya karɓi kwalaben ya karanta, ya ruga ciki. Ni da Kawu muka zauna a kan benci ɗaya, ba mai kallon wani, muna jin yadda numfashinta yake gurnani ta bayan labule.

Allah ya yi da sauran kwananta. Ranar da ta fara magana, Kawu yana tsugune a gefen gado. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Duka ka feshe?" Ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka tambaya." Ta juya fuskarta bango.

Da damina ta zagayo, kullum da safe sai ta fito ta tsaya a gindin mangwaro. Ko fure ɗaya bai leƙo ba. Na je Djougou neman wani irin, na tarar an shafe tsakar gidan Kaka da siminti. Inna kuwa har yanzu hannunta yana rawa, ba ta iya zura zare a allura. Kawu yana zuwa, amma a ƙofar gida yake tsayawa ya gaishe ta ya juya. Ni kuma ko a kunu na ji ƙamshin citta sai in ajiye shi, in Inna ta yi barcin rana sai na je na kasa kunne a ƙirjinta.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, duk abin da ka tarar wani yana reno, kada ka sa masa hannu sai ka tambaya, ko da alheri ka nufa. In kuma ka riga ka sa, to ka faɗa. Da Kawu ya buɗe baki ya yi magana ɗaya, da yau Inna ita ke ɗinka kayanta, da gindin mangwaron nan ba ƙasa ce tsirara ba.