Damina ba ta shiga faifan ba

Juma'a, Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar gida, ɗauke da rakoda da waƙoƙi huɗu. Shekara biyu ina tsara su bisa salon gajerun baitocin Japan masu layi uku, kowacce da lokacinta: kaka, hunturu, bazara, damina. Na ba su karin da maza goma sha biyu za su rera tare. Damina kuwa na ware wa Malam Isufu, mutumin Damagaram da ya koya mini karin waƙa a gidan rediyo, wanda yanzu yake gadin sito a Dubai. Wata mai zuwa za a yi masa aiki a maƙogwaro, kuma likita bai yi alkawarin muryar za ta dawo ba.

Mun yada zango a Addis Ababa, awa uku.

Asabar, Hor Al Anz

Na sauka wurin Alhaji Sani, ɗan kasuwar Kano, a wannan unguwa ta Dubai. Gado na sama, shinkafa da miyar kuka.

"Kago ka zo yi, Malam, lodin kaya?"

"Waƙa."

"To, ita ba ta cin kwantena."

Lahadi, Dubai Investments Park

Jirgin ƙasa daga tashar Abu Hail, canji ɗaya, awa guda da minti ashirin. Ƙarfe biyu na rana na iso masaukin ma'aikata. Motar aiki za ta kwashe su ƙarfe huɗu. Malam Isufu ya jera abokan aikinsa goma sha biyu tsakanin gadaje, duk sun haddace waƙoƙin da na turo musu.

Da na sa abin ji a kunne, na ji gurnanin na'urar sanyaya ɗaki. Na ce a kashe.

"Ɗana, Agusta ne fa, tsakiyar zafin Dubai," in ji Malam. "Bar ta ta yi mana amshi."

Na ƙi. Kaka ta ɗauku lafiya. A hunturu, gumi na ɗiga daga haɓarsu suna rera sanyi, ɗayansu ya tuntsire da dariya, na sa aka sake har sau huɗu. Bayan kowace ɗauka sai mun kunna na'urar minti goma su farfaɗo. Muna gama bazara, Malam ya kurɓi ruwa, ya gyara tsayuwa, sai direba ya danna oda.

"Yalla, yalla," in ji direban, wato a yi sauri.

Minti uku kawai nake buƙata. Malam ya ɗauki jakarsa.

"Khalas, shi ke nan. Sai wani zuwan, in da murya."

Talata, Kano

Ƙarfe ɗaya na rana na iso gida, ana yayyafi. Godiya ga Allah da ya dawo da ni, da Alhaji Sani, da mutum goma sha biyun da suka ba ni lokacin hutunsu. Na saurari faifan. Tsaf yake, babu gurnani ko kaɗan. Bayan bazara akwai daƙiƙa shida: Malam yana gyaran murya, sannan oda.