Waƙoƙin Aro na Mai Lif

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana tafiya kullum daga safe har yamma, kuma bai taɓa isa ko'ina ba. Shi ne mai kula da lif a wani tsohon bene mai hawa tara, cike da ofisoshi. Lif ɗin irin na da ne, mai ƙofar ƙarfe da ake ja da hannu, yana ɗaukar mutum shida idan ba su ci sun ƙoshi ba. A kusurwar hagu akwai 'yar kujerar katako mai ƙafa uku, nan Baba yake zama, yatsansa a kan maɓalli. Kowa a benen Mai Lif yake ce masa, har mu 'ya'yansa idan muna jin tsokana.

Lif ɗin yana da hali. Sau biyu ko uku a mako sai ya tsaya cak tsakanin hawa da hawa, ya yi minti goma yana tunanin rayuwa kafin ya ga dama ya ci gaba. A nan aikin Baba na gaskiya yake. Danna maɓalli kowa ya iya, in ji shi, abin da ba kowa ya iya ba shi ne kwantar da hankalin babban lauya mai ƙaton tumbi da ya fara kiran mahaifiyarsa. Maganin Baba kiɗa ne. Yana da tsohuwar rakoda a ƙarƙashin kujera da kwalin kaset, kuma duk ma'aikacin benen yana da waƙarsa. Ba kai za ka zaɓa ba, Baba ne zai zaɓa maka bayan ya yi mako guda yana karantar ka. Likitan haƙori na hawa na huɗu mai sanyi ake sa masa, kada hannunsa ya je yana rawa a bakin mutane. Matar nan mai sayar da tikitin jirgi a hawa na bakwai kuwa mai zafi ce tata, tunda da faɗanta take fitowa daga gida, gara a samar masa hanyar fita.

A mako guda abu biyu suka faɗo masa. Rakodar ta cinye kaset ɗin likitan haƙori ta mutu da shi a baki, mai gyara ya ce ko a duba ta ɓata lokaci ne. Sannan aka kawo sabon manaja, matashi mai ƙunƙuntar kwat, wanda ya ce za a sa lif na zamani mai tuƙa kansa. Game da Baba da kujerarsa, ya ce a ba shi zuwa ƙarshen wata ya yi tunani.

Baba bai yi gardama ba. Ya dawo gida ya ce da ni, "Uwata, yaron nan bai ga aikina ba ne. Sau ɗaya lif ya tsaya da shi a ciki ni da kiɗana, magana ta ƙare. Ki nemo mini waƙoƙina."

Uwata yake ce mini saboda ni ce babba, kuma a gidanmu duk abin da yake da batir a wuyana yake, don kawai ina aiki a kantin magani mai kwamfuta. Ni da ƙanena direban tasi da Mama muna da ma'ajiyar waƙoƙi guda a intanet, irin wadda ake kira gajimare. Abin da ɗaya ya saka, sauran suna gani a wayoyinsu. Na shigar da wayar Baba ciki, muka zauna ranar hutu muna neman waƙoƙinsa. Wahalar ita ce bai san sunan ko ɗaya ba. Sai ya ce, "Ta lauya," ya rufe ido ya rera da hanci, ni kuma in yi ta lalube. Muryar Baba, Allah Ya ba shi haƙuri, duk waƙoƙin duniya iri ɗaya suke fitowa a cikinta. Haka dai muka haɗa ɗari biyu da sha huɗu, kowacce na rubuta mata sunan mai ita.

Ranar Litinin ƙarfe takwas da kwata ya kira ni.

"Uwata, mawaƙan nan naki ba sa shiga lif. A bakin ƙofa suke tsayawa. Ina jan ƙofa sai su yi tsit."

Laifina ne, na manta akwatin ƙarfe ba ya barin sabis ya shiga. Da yamma na nuna masa 'yar kibiyar da ake dannawa waƙa ta sauko cikin wayar, ta yadda ko a cikin rijiya yake za ta yi. Muka sauke su duka.

"To yanzu sun baro can ke nan?" ya tambaya.

"Suna can, Baba."

"Suna can, kuma suna nan?"

"E."

Ya yi mini irin kallon da yake mini ina ƙarama idan na ce ban taɓa sukari ba alhali ga shi a haɓata. Ni kuma da wautata na ɗauka ya gamsu.

Washegari da safe waƙoƙin suka ɓace. Ba nasa kaɗai ba, har na Mama, har na ƙanena, wanda ya ɗauki fasinja ya danna waya ya ji shiru kamar an yi rasuwa. Na zauna a kanti tsakanin mai neman maganin tari da mai neman na ciwon baya na sake haɗa su. Kwana biyu suka sake ɓacewa. Na kira ƙanena na wanke shi tas, don na san shi da shisshigi. Ya rantse ba shi ba ne, ya ce Mama ce, yatsanta nauyi gare shi, in ta taɓa waya kamar tana kashe kiyashi. Mama ta ce ita da ta haife mu ba za a mayar da ita ɓarauniyar waƙa ba, ta daina amsa gaisuwarsa kwana uku. Duk wannan rigimar Baba yana zaune yana cin abincinsa, yana girgiza kai, yana cewa kayan zamani ba su da amana.

Sau huɗu ina haɗawa suna ɓacewa. Raina ya ɓaci sosai, don kwanakin watan suna tafiya, rabin lokaci Baba yana hawa da sauka ba kiɗa.

Ranar da asiri ya tonu na biya gidan ne kai wa Mama maganinta. Baba ya shigo daga aiki, ya wanke hannu, ya zauna a tabarma ya sa tabarau. Na leƙa ta bayansa. Yana bin waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya yana gogewa daga ma'ajiyar gaba ɗaya, a natse, kowacce in ta tafi sai ya ce, "An gode."

"Baba! Me kake yi haka?"

"Mayarwa nake yi. Na gama da su na yau."

Ya kamata a ce na gane tun farko. Mutumin da ya taɓa hawa mota biyu don ya mayar da biron da ya taho da shi daga asibiti bisa kuskure. In ya ari tsani a maƙwabta, da sabuwar ƙusa yake mayar da shi. A ganinsa waƙoƙin nan aronsu muka yi daga wurin wasu bayin Allah, kuma ba zai kwana da kayan mutane a aljihu ba. Namu da ya gani a ciki kuwa ya ɗauka garin ɗiba ne ya haɗo da su, shi ya sa yake fara mayar da su da ban haƙuri.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "To in kowa ya ɗauka ya riƙe, na baya me zai tarar?"

Mama ce ta cece mu daga bakin ƙofar kicin. "Maigida, in ka kunna kyandir ɗinka a jikin nawa, nawa mutuwa yake yi?"

Ya cire tabarau. "Da haka yarinyar nan ta faɗa tun farko ai da an huta."

Ƙanena ya nemi a ba shi haƙuri a gaban kowa. Ban ba shi ba, akwai wasu laifuffukan da ya yi ba a kama shi ba.

Da Baba ya yarda cewa riƙewa ba sata ba ce, sai ya zarce. Ya ce direban kirki ba ya fita ba safayar taya. Dole na sauke waƙoƙin a wayarsa, na sauke a tsohuwar wayar Mama, na sauke a wata fasasshiyar wayar ƙanena da aka ɗaure da roba. Kullum da safe sai ya jera su a kan gado ya kashe musu data ya gwada kowacce, sannan ya rarraba su a aljihu uku ya fita yana rinjaya gefe guda.

Saura matsala ɗaya: manaja ba ya hawa lif. Ofishinsa a hawa na takwas yake, amma kullum matakala yake bi, wai motsa jiki. Baba ya yi mako yana kallonsa ta cikin ƙofar ƙarfe, ya dawo ya ce mana, "Ba motsa jiki ba ne. Mai motsa jiki ba ya kawar da kai in ya zo wuce lif. Tsoro yake ji." Ya rera mini wata da hanci, na nemo ta, muka rubuta mata "ta manaja".

Ana saura kwana huɗu wata ya ƙare manaja ya gurɗe a matakala. Mama ta ce ita dai ba ta roƙi hakan ba, amma ba ta yi baƙin ciki ba. Washegari ya zo yana ɗingishi, ya tsaya a gaban lif ya daɗe, sannan ya shiga. Lif kuwa bai ba Baba kunya ba, tsakanin hawa na biyar da na shida ya tsaya cak.

Yadda Baba ya ba mu labari, nan take gumi ya jiƙa kwat ɗin. Manaja ya kama ƙofa yana jijjigawa, numfashinsa yana fita guntu-guntu. Baba ya zaro waya ta farko, ashe garin gwaji batir ya ƙare. Ya mayar, ya zaro ta biyu. Manaja duk da halin da yake ciki sai da ya ce, "Guda nawa gare ka?" Baba ya ce, "Akwai saura." Ya danna, waƙar ta tashi, wata mai tafiya a hankali da sarewa a ƙarƙashi. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya tashi daga kujerarsa ya zaunar da yaron, ya ce ya bi sarewar da numfashinsa. Minti goma sha biyu suka yi, waƙar ta zagayo sau uku. Kafin lif ya motsa manaja ya saki ƙofa, har yana kaɗa lafiyayyar ƙafar.

Baba ya ɗauka magana ta ƙare. Ta ƙare ɗin, amma tun kafin a fara. A hawa na takwas manaja ya ƙi fita, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yafe mini. Masu benen sun sa hannu a takardar sallamarka tun kafin a kawo ni. Watan nan da na ce zan yi tunani, rasa yadda zan faɗa maka na yi." Ya fita, ya juyo yana jin kunya. "Waƙar nan, ana iya sa mini ita a wayata? Sabon lif ɗin ma ai rufaffe ne."

Na ji haushi ƙwarai, na ce a hana shi. Baba ya ce in yi wa mutane hankali.

Labari ya bazu a benen. Ranar ƙarshe na ɗauki hutu a kanti, aka ajiye mini tebur a ƙasa kusa da lif, mutane suka yi layi da wayoyinsu. Baba yana tsaye a kaina yana kiran suna kamar mai rabon gado, ni ina tura wa kowa tasa ina nuna masa kibiyar saukewa. Lauya ya ce sai ya saurari tasa har ƙarshe kafin ya karɓa. Mai tikiti ta yi faɗa wai me ya sa tata ta fi ta kowa hayaniya, ta karɓa, ta koma gefe tana share ido da bakin mayafi. Kowa Baba sai ya ce masa, "Ka riƙe, ba aro ba ce," da isa irin ta wanda ya daɗe da sanin haka.

Da layi ya ƙare na bi jerin daga sama har ƙasa don in tabbatar ba a tsallake kowa ba. Akwai ta masinja, akwai ta mai shara, akwai ta mutanen da suka bar benen shekara ashirin da suka wuce. Na sake bi a hankali, sannan na juya wurin Baba.

"Baba, taka fa? Ban ga taka ba."

Yana ɗaure ƙafafun kujerar da igiya don ta yi daɗin ɗauka. Ya ɗago ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Tawa kuma? Ni ai aiki nake yi, Uwata."