Dangin Baba Umara

Diga, shebur, buta, guntayen itacen rufin kabari, da gawa a naɗe cikin tabarma. Kayan da ke kan amalanken Baba Umara ke nan duk ranar da aka yi rasuwa a gidan gajiyayyu. Ba ya wucewa maƙabarta kai tsaye. Yakan tsaya a inuwar dogon yaro, bakin hanyar da mahauta ke bi zuwa Kasuwar Shanu, ya fara tare mutane.

An gina gidan bayan farin da aka yi a shekarar saba'in da uku. Aka zuba makafi da kutare, da tsofaffin da jirgin ƙasa ya sauke a tasha babu mai tarbarsu. Filin bayan gidan ya zama maƙabarta, ɓangare ɗaya na Musulmi, ɗaya na Kirista. An ɗauki Umara ne ya haƙa ya rufe, shi ke nan. Babu wanda ya ce masa ya nemo masu salla.

Da farko gaskiya yake faɗa: wani bawan Allah ne ya rasu, ba shi da kowa. Sai a ce Allah ya jiƙansa, a wuce. Wata rana gawa ta yini a kan amalanke har ta fara wari, bai samu sahu ba. Daga ranar ya sake magana. Duk wanda ya mutu ya zama ƙanensa, ko kawunsa, ko gwaggonsa. Ya gane mutane ba sa jin kunyar mamaci, amma suna jin kunyar mai rai da ke tsaye a gabansu.

Mahauta ba su daɗe ba suka gano shi. Ajimi, wanda yau shi ne babba a cikinsu, ya ce yakan tsokane shi: "Baba, wai gidanku ba a haihuwa ne, sai mutuwa?" Duk da haka sukan ajiye wuƙa, su yi alwala, su bi shi. In Kirista ne ya rasu, Umara kan taka har unguwar Bulabulin ya ɗauko Dzarma, mai wa'azi a wani ƙaramin coci. Dzarma ya taɓa tambayarsa yadda Babarbare irinsa ya samu gwaggo 'yar ƙabilar Babur. Umara ya ce in ya isa lahira ya tambaye ta da kansa.

Ƙaryar ta ci shi. Ranar da Madu, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu, ya faɗa wa mahauta, aka yi dariyar da aka saba. Sahu ɗaya gajere ya samu. Bai tsaya gyara musu zance ba. Daga baya ya ce wa Dzarma abin da ya ishi sauran ya ishi Madu.

Baba Umara, kai ne ɗan'uwan wanda ba shi da ɗan'uwa. Kai ne ka hana a rufe mutum kamar mushe a wannan gari. Mun gode. Mu kuma da muke wucewa a mota, in muka ga makara da mutane kaɗan a bayanta, mu tsaya mu ƙara sahu.

Bana, 1996, aka rufe gidan. Maƙabartar ta cika, Umara ya yi ritaya, 'ya'yansa sun shirya mayar da shi ƙauye. Aka rarraba sauran tsofaffin. Phoebe, makauniya daga kudancin Borno, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, ta ƙi shiga motar da ta zo kwashe su. Ta riƙe ƙyauren ɗakinta tana kiran sunan Umara. Da ya zo ta ce ba mutuwar take tsoro ba.

"Umara, in ka tafi, wa zai ce ni tasa ce?"

Ya ɗora ƙunshin kayanta a amalanke, ya miƙa mata bakin sanda, ya ja ta har gidansa a Gomari. Babban ɗansa ya tare su a zaure, ya tambaye shi wace ce wannan, ya kuma tuna masa mota na zuwa ranar Asabar. Umara ya shigar da ita, ya tura ƙofa ta rufu.

"Yayata ce," in ji shi. "Ka sallami motar. Ba zan bar Maiduguri ba sai na binne ta."