Hajiya Mairo Ba Ta Iya Rowa Ba

Hajiya Mairo ta zo Jidda da tsufanta, da mijinta, da kuma imanin cewa duk wanda ya shigo inda take sai ya ƙoshi. Ita da Alhaji Sadiƙ mutanen Funtuwa ne. Bayan ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ita kuma ta aurar da autarta, sai ƙungiyar agaji ta garinsu ta turo su su riƙe mata ɗan ofis a unguwar Aziziyya, don hidimar masu zuwa umara. Ni a saman ofishin nake haya, ina ɗinki, kuma tun da aka haife ni a garin nan ban ga ofis irin nasu ba.

Alhaji ke riƙe da hatimi a aljihu, Hajiya ke riƙe da tawadarsa a jaka. Don haka in sun yi faɗa da safe, babu takardar da za ta fita sai sun shirya. Shi ke amsa waya, ita ke gaya masa abin da zai ce. In wata tsohuwa ta ɓace a kasuwar Bab Makka garin tayin yadi, Alhaji zai tafi nemanta, can an jima Hajiya ta bi sahu ta nemo su duka biyun.

Tana son aikin nan kamar ranta. Ta taɓa ce mini, "Juwairiyya, a gida ni kaka ce kawai, aikina jiran jikoki su hargitsa mini ɗaki. Nan kuwa Hajiyar ofis ake ce mini."

To, ginin na Ummu Thamer ne, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma duk suka koma Riyad. Kakanta Bahaushe ne da ya sauka a tashar jiragen ruwa bai koma ba, amma Hausarta ta lalace, sai an haɗa da Larabci. Wa'adin hayar ofis ya kusa cika, kuma ƙungiya ta faɗa musu ƙarara: in mai gini ba ta sabunta ba, su tattara su koma gida.

Da Ummu Thamer ta fara leƙowa ofis, Hajiya ta ɗaura ɗamarar karrama ta. Ta koyi dafa gahawa, ta sayo dabino mai tsada. Ta ɗauko finjali, ɗan kofin gahawa, ta ga ƙanƙantarsa, ta ji kunya, ta cika shi fal har baki. Baƙuwa ta dubi finjalin, ta dube ta, ta shanye, ta miƙe ta fita.

"Bai ishe ta ba," in ji Hajiya.

"Ko sukari ne babu," in ji Alhaji, wanda ba a tambaye shi ba.

Hajiya ta je Bab Makka ta sayo finjalai manya. Baƙuwa ta dawo, aka cika mata, ta kurɓa ta fita. A zuwa na gaba kofin shayin Alhaji aka ɗauko, wani ƙato mai hannu, aka zuba har yana zuba a faranti. Ranar ko zama Ummu Thamer ba ta yi ba. Da yamma ta aiko cewa tana son ɗakinta a ƙarshen wata.

Ni duk ban san wainar da ake toyawa ba, sai da Ummu Thamer ta hawo wurina gwajin riga, tana huci.

"Ya binti, matar nan me na yi mata? Ni je in ji Hausa, in yi hira shwayya, kaɗan, ita kore ni! A bayti na, gida na! Kullum kora tana ƙara girma. Khalas!"

Da ta kwatanta mini girman kofin, sai da na cire allura daga bakina don kada in haɗiye. A nan garin, gahawa kaɗan ake zubawa a gindin finjali, a yi ta ƙarawa, alamar ana son zamanka. In aka cika maka, an ce ka sha ka kama gabanka ke nan.

Na sauka na tarar da Hajiya tana naɗe labule tana sharar hawaye. Na yi mata bayani. Ta saki labulen, ta riƙe haɓa.

"Wato rowa ce mutunci a garin nan?"

"A gahawa dai, Hajiya."

"Innalillahi! Da mahaifiyata za ta ga na ba baƙo abin da ko kaza ba zai isa ba!"

Da ƙyar na lallaso Ummu Thamer ta sake saukowa. Hajiya ta ɗaga buta, ta ɗiga ɗan mitsitsi, ta miƙa tana kawar da kai don kunya. Baƙuwa ta shanye, ta miƙo finjali. Aka sake ɗigawa. Ta cire takalmi, ta naɗe ƙafa a kujerar Alhaji, ta fara ba da labarin kakanta. Tun hantsi har aka kira la'asar tana nan. Kafin ta tafi ta ce, "Ɗaki naku ne. Ni dai a bar ni in riƙa zuwa." Wallahi sai da ta ba ni tausayi, don ashe ba zancen haya ke kawo ta ba, shirun gidanta ne ya ishe ta.

Yanzu kullum tana ofis. Ta koyi amsa waya, har tana gyara wa Alhaji magana, ya zama mata biyu ke gaya masa abin da zai ce. Kujerarsa kuwa ya daɗe da haƙura da ita, a kan kwalin ruwan zamzam yake buga hatimi.

Rannan na shiga na same shi ya gaji, ƙafarsa ta yi tsami, hira kuma ba ta da niyyar ƙarewa. Ya matsa kusa da matarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, don girman Allah, yau dai ki cika."

Hajiya Mairo ta ce to. Ta ɗauko ƙaton kofin nan, ta cika shi fal har baki, ta miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

Ya dubi kofin, ya dube ta. Ya shanye, ya ɗauki hularsa, ya fita.