Motar da ta sa Inna neman gafara

Ko zan manta komai, ba zan manta ranar da na ɗauko Inna daga Tama zan kai ta Madawa ba. Makka za ta, tafiyar da take ambato tun ina goye. Kar, wato babbar bas ɗin maniyyata, zai tashi da azahar, kuma an ja mana kunne cewa ba ya jiran kowa.

Motata tsohuwar a-kori-kura ce ta ɗaukar albasa. Allurar mai ta mutu tun kafin in saye ta, da karan gero nake auna isansi, wato fetur. Murfin tanki kuwa ya daɗe da ɓacewa, tsumma nake cusawa. Jajibirin tafiya sai kunya ta kama ni, a ce Hajiya guda ta shiga mota mai tsumma a gefe. Na cire shi, na samo leda ninki uku, na ɗaure bakin tankin tamau da roba, yadda mata ke ɗaure jarkar man gyaɗa. Har ja da baya na yi ina yaba wa kaina.

Mu uku muka fita da hantsi: ni, Inna, da Baffa ƙanin mahaifina, wanda bai taɓa tuƙa abin da ya wuce amalanke ba, amma babu ciwon da bai san maganinsa ba. Ba mu yi nisa ba mota ta fara nauyi. Na taka, ba ta amsa ba. Ta yi tari biyu, ta mutu. Na duba buji, na hure tiyon mai, ban ga komai ba.

Baffa ya gyara hula ya ce wa Inna, "Wagga ba cutar ƙarhe ce ba. Akwai wanda ba ki nemi gahwara tai ba."

Mako guda Inna ta yi tana bin gidaje neman gafara, kamar yadda maniyyaci ke yi. Amma sai na ga ta sunkuyar da kai, ta ce in ba ta waya. Maƙwabciyarmu ce Inna ta kira. Ashe zakaranta da aka ce muzuru ya ɗauke, a tukunyarmu ya ƙare, har ni na ci cinya. Tana cikin ba da haƙuri na kwance leda, na tsoma kara, na ga mai yana nan, na mayar na ɗaure. Na murɗa makulli, mota ta tashi tangaram. Baffa ya kalle ni da tausayi.

Gab da Buza ta sake mutuwa. Wannan karon matar liman ce, a kan tukunyar biki da Inna ta mayar da tsaga tana kallon bango. Na sake auna mai, mota ta sake tashi. A ta uku Inna ba ta nemi waya ba, Baffa ta juya ta kalla.

"Sunan nan da aka kiranka da shi bayan ido, ni na laƙa maka."

"Wane suna?"

"Likitan jakkai."

Baffa ya yi kicin-kicin kamar ya sauka ya koma gida a ƙasa. To amma fatawarsa ce, dole ya yafe, yana huci. Wallahi a lokacin ni kaina na fara yarda, don ina gama auna mai mota ta sake tashi.

Mutuwa ta huɗu ta same mu rana na tsaka, Madawa na gabanmu kaɗan. Tsoro ya kama ni sosai. Mutanen Inna sun ƙare, saura guda, kuma duk mun san shi: yayanta da ke Urno, wanda suka fi shekara goma ba sa ga maciji a kan garkar mahaifinsu.

"Shi kam a'a," inji Inna. "Mota ta ruɓe nan."

Ta dubi rana, ta dubi jakarta. Sannan ta miƙo hannu ta karɓi waya.

Na zagaya na kwance roba. Wannan karon babu mai surutu, sai na ji tankin ya ja iska, fuuu, kamar wanda aka sake wa wuya. Nan take na gane. Tsumma yana barin iska ta shiga, leda ba ta bari. In mai ya ragu sai tankin ya shaƙe, famfo ya kasa jawowa. Ba zakara, ba tukunya, ni ne nake buɗe mata numfashi in kuma mayar in shaƙe ta da hannuna.

Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji Inna ta ce, "Yaya, ni ce. Makka za ni." Sai ta fashe da kuka.

Na cusa ledar a aljihu, na toshe tankin da hankicina. Na san murɗawa ɗaya za ta tashi, na kuma san azahar na matsowa. Duk da haka na koma gaban mota ina ƙwanƙwasa ƙarfen da lafiyarsa lau, har sai da na ji kuka ya koma dariya, tana cewa ya riƙe garkar, ita barkono kawai take so.

Mun isa Madawa ana ɗaure kayan ƙarshe a kar. Daga nan motar ba ta sake mutuwa ba, kuma har gobe Baffa na ba da labarin a matsayin aikinsa. Kawu ya zo taryen Inna da kansa da ta dawo, da buhun barkono. Damina ta gaba ya rasu, tana zaune a gefensa.

Abin da na koya guda biyu ne. In tsohuwar mota na yin nauyi tana mutuwa, ta huta ta tashi, in fara duba ko tanki na samun iska. Na biyun ya fi tsaya mini a rai: na iya gano ciwon mota, amma abin da na fi alfahari da shi a ranar shi ne bakina da na kama har Inna ta gama waya.