Inshorar Gilashin Zurmi

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, babana ya samu kwangilar sa gilashin tagogin wata makaranta a Zurmi, da sharaɗin sai ya yi inshora. Kuɗinta ya kusa cinye ribar. Ni na karanta masa takardar layi-layi a shagonsa na Ƙauran Namoda, gaban wakilin kamfanin inshorar. Can ƙasa na ga ba sa biyan gilashin da ya fashe a hanya.

Baba ya ce, "Malam, ai bisa hanya gilashi ka mutuwa. Ƙaiƙayin geron da nika shimfiɗa mai ya fi ku amana."

Wakilin ya ce, "Za ka rasa aikin, Alhaji."

Kaina a sunkuye na miƙa wa wakilin takardarsa, babu sa hannu. An ba wani kwangilar, Baba bai taɓa cewa da-na-sani ba.